Takardu 400 Da Littattafan Babana

A watan Nuwamban 2019 aka kama ni da ƙarya a gaban malamai bakwai da ɗalibai 'yan'uwana cike da ɗaki. Ƙaryar bincike ce, irin wadda da yawa daga cikin masu digiri a ƙasar nan sun san ta, ko da ba za su amsa ba. Ban da waɗanda suke ɗakin a ranar, mutum uku kaɗai na faɗa wa a lokacin: mijina, mahaifiyata da marigayi mahaifina. Yanzu da nake ganin ƙannena suna bin layi a shagunan kwamfuta da takardu a hammata, sai na ga gara in faɗa da bakina.

A Kakuri aka haife ni, a 1988, lokacin masaƙu na da sauran numfashi. Babana ma'aikacin ɗaya daga cikinsu ne. Abin da na fi tunawa da unguwar shi ne lokacin canjin aiki, yadda kekuna ke cika titi kamar an buɗe bakin kogi, da ƙurar auduga da ke maƙale a sumar Baba in ya dawo. In ya yi wanka ya ci abinci, sai ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗaki ya jawo rediyonsa. Baƙa ce, eriyarta ta taɓa karyewa ya ɗaure ta da wayar wuta, murfin batirin kuma da roba yake riƙe. Ƙarfe takwas da rabi na dare ba mai tari a gidanmu, London na magana. Yakan ce shi da sashen Hausa na BBC sa'o'in juna ne, duk 'yan 1957 ne, don haka ba ya jin kunyar yi musu gardama. Yana kuwa yi. Sai ka ji shi kaɗai yana cewa, "A'a, ba haka aka yi ba," ya murɗa ya koma Jamus, daga nan Amurka, sannan ya dawo gida Rediyon Kaduna. Kullum akwai ɗan littafin makaranta da biro a gefensa. Mu dai mun ɗauka lissafin albashi yake yi.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000 rikicin shari'a ya ɓarke. Ba zan tsaya ba da labarinsa ba, duk ɗan Kaduna da ya kai shekaruna yana da nasa. Kwana biyu muka yi a uwar ɗakin wata maƙwabciyarmu Kirista, kafin motar sojoji ta kwashe mu. Daga bariki muka koma Tudun Wada wajen dangi, daga baya Baba ya kama haya a Rigasa. Haka garin ya tsage, kogi ya zama iyaka, Musulmi suka yi ta komawa arewacinsa, Kirista kudanci. Da za mu fito daga gida, abin da Baba ya ɗauka rediyo ce da wata leda mai littattafai. Inna ta yi shekaru tana yi masa gorin ya bar mata tukwane da keken ɗinki ya rungumo akwatin surutu.

Bayan shekara biyu, cikin azumin 2002, wata jarida ta Legas ta buga rubutu a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, Kaduna ta sake kamawa da wuta, gasar kanta aka kwashe ta zuwa Landan. Ina 'yar shekara 14. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a layinmu kaf ban san mutum ɗaya da ya ga jaridar da idonsa ba. Kowa ji ya yi. Wani a masallaci, wani a teburin mai shayi, wani a bakin matarsa da ta ji a gidan suna. Tun daga lokacin tambayar ta shiga kaina: yaya magana ke tafiya daga inda aka yi ta har ta iso kunnen mutum, kuma me ke samun ta a hanya? Ita ta kai ni karatun aikin jarida. Na gama digirin farko a 2012, na yi bautar ƙasa, na yi aure a 2014, na kama koyarwa a wata makarantar kuɗi. A 2016 na koma digiri na biyu a fannin sadarwa. Masaƙar su Baba ta daɗe da rufewa a lokacin, yana zaune a 'yar tiredarsa a ƙofar gida, amma sai da ya ƙulla mini wani abu a cikin kuɗin rajistar farko.

Shekarar aji ta yi mini daɗi ƙwarai. A nan na san cewa tambayata ba sabuwa ba ce. Tun zaɓen Amurka na 1940 Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka bi masu zaɓe a wani yanki na jihar Ohayo, suka tarar yawancin mutane ba kai tsaye jarida da rediyo ke juya su ba. Saƙo kan fara sauka wajen wasu tsiraru masu bin labarai, su kuma su isar wa na kusa da su. Ina karantawa ina ganin layinmu na Rigasa. Na karanta aikin McCombs da Shaw a kan zaɓen 1968, wanda ya nuna kafafen labarai sun fi ƙarfi wajen zaɓa wa mutane abin da za su tattauna a kai, fiye da zaɓa musu ra'ayi. Wani abin dariya, wannan bincike da duniya ke ta ambato mutum 100 kacal aka tambaya a cikinsa. Mu kuwa a sashenmu an riga an san adadin tun kafin ka zaɓi batu: ka ɗauko lissafin Taro Yamane, ka zuba yawan mutanen gari, ka bar kuskuren kashi 5 cikin 100, amsa ta fito kusan 400. Ko kaji kake bincike, 400 ne.

Batuna shi ne rawar da shirye-shiryen rediyo na kiran waya ke takawa wajen zaman lafiya a cikin garin Kaduna. Na tsara takardar tambayoyi da Turanci, tambaya 32, kowace da gurbi biyar: na yarda ƙwarai, na yarda, ba ni da ra'ayi, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Malamin da ke duba aikina yana da ɗalibai sun fi 20 a wuyansa. Ya duba, ya gyara waƙafi biyu, ya sa hannu. Na buga kwafi 400 da kuɗin adashina.

Nan gizo ya fara saƙa. Gidan farko da na shiga a Rigasa, matar gidan na tsaka da ƙulla gyaɗa a leda, rediyon wayarta na jingine da turmi. Na karanta mata tambaya ina fassarawa: shin kin yarda shirye-shiryen kiran waya suna ƙara fahimtar juna tsakanin Musulmi da Kirista? Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "To, Allah dai ya kyauta." Na sake karanta mata gurabe biyar ɗin. Ta ce, "Ke dai sa wanda ya fi." A wane gurbi ake sa Allah ya kyauta? A wani gidan aka tara mini mata tara don an ɗauka rajistar tallafi nake yi. Da suka gane ba ko sisi, sai kowa ta tuna da tukunyarta a wuta. Maza a majalisa su karɓa su ce in dawo gobe, gobe in tarar an naɗe tsire da ita. Kudancin gari kuwa, tun 2000 ƙafata ba ta taka can ba, sai na ba wani ɗan ajinmu kwafi 100 ya raba mini. Ya dawo da 22.

Wata biyar ina wannan yawo, da goyo a baya, ga aikin makaranta da safe. Da na zauna na ƙirga waɗanda aka cike da gaske, 137 ne, wasu ma rabi. Wa'adin miƙa babi na huɗu saura mako uku, in ya wuce kuma sai sabon kuɗin makaranta.

Wani yammaci a tsakanin nan na biya gida, jakata cike da takardu. Baba na cikin tireda, ya ce, "Uwata, wai me kike bincikawa ne haka, duk kin rame?" Na ce, "Masu sauraron rediyo, Baba." Ya gyara zama ya ce, "To, ai ga ni." Na yi dariya na ce masa dokar bincike ba ta yarda a sa ɗan gida ba. Ya ce, "Haka ne? To, Allah ya taimaka." Ya ci gaba da murɗa rediyonsa. Ban san sau nawa wannan ɗan zance ya dawo mini cikin dare ba.

Ba wanda ya tilasta ni. Wata ƙawata dai ta ce, "Ke kaɗai ce waliyiya? Kowa a gindin bishiya yake cikewa." Amma hannuna ne ya yi. Na sayi biro kala uku da fensir. In yaro ya yi barci, maigida ya shiga ɗaki, sai in baje takardu a tabarma in kunna fitilar caji. Dare shida na yi ina haihuwar mutane: ɗan kasuwa mai shekara 45 a Kawo, ɗaliba a Barnawa, tela a Unguwar Sarki. Ina canza biro, wani lokaci in riƙe shi da hagu. Daren farko gabana na faɗuwa. A dare na uku har ina sauraron wa'azi a waya ina yi. Wannan ya fi komai ba ni tsoro in na tuna, yadda zuciya ke saurin sabawa. Mutum 263 na ƙirƙira.

Na kai wa wani yaro a shagon kwamfuta da ya iya SPSS, manhajar lissafa alƙaluman bincike. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Anti, wane sakamako kike so ya fito?" Na ce ya dai shigar da abin da ke ciki. Na fito ina jin kaina mai gaskiya, don ban ce ya murɗa ba.

Ranar kare kundi na sa sabon leshi. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a dattijo ne, siriri, mai magana a hankali kamar ba ya so. Ya bar ni na gama bayanina tsaf. Sannan ya ce akwai awon da ake yi don a ga ko amsoshin mutane sun dace da juna, in ya kai 0.7 an gode Allah, nawa ya kai 0.97. "Malama, mutanen Kaduna ba su taɓa haɗa baki a kan komai haka ba. Kin zo da takardun?" Na zo da su, don an ce a zo da su, kuma ba a taɓa buɗewa ba. Ya sa aka ɗora kwalin a tebur. Ya zaro guda daga sama, ya zaro daga tsakiya, ya jera. Bai ma karanta amsa ko ɗaya ba. Ya ɗaga wata ya ce, "Wannan ta shiga gida. Ga manja, ga inda aka ninke ta huɗu, ga zanen yaro a baya." Ya ɗaga wata fara fes, ko lanƙwasa babu. "Wannan fa, gidan wa ta shiga?" Ya yi ta ware su gida biyu kamar mai tsintar shinkafa, ɗakin tsit, sai ƙarar fanka. Tulin masu tsabta ya ninka ɗayan.

Ya ce, "Ke za ki faɗa, ko ni zan faɗa?"

Na faɗa. Ban san da wace murya ba, amma na faɗa. Aka fitar da ɗalibai, aka fitar da ni, na tsaya a baranda kusan awa guda ina kallon wata akuya na cin takarda a bakin kwata. Dokar makaranta ta ba su damar kora ta. Daga baya na ji dattijon ne ya ce tunda ta amsa da bakinta a soke aikin, ta koma fili daga farko, a canza mata mai dubawa. Da zan wuce ya ce mini, "137 ɗin nan da kika raina, da su kika kawo da kin wuce."

Wata biyu ban iya shiga harabar makarantar ba. Na daina cin abincin kirki, na daina ɗaga waya, in na ji 'yan ajinmu sun sa hoton rigar kammalawa sai in kashe datar gaba ɗaya. A aji ina hukunta yara a kan satar amsa, sai in ji bulalar a jikina take sauka. Mijina ya yi haƙuri da ni iyakar haƙuri, amma shi shawararsa in bar karatun, tunda ba shi ne ci da shanmu ba. Baba na fi jin nauyi, saboda kuɗin da ya ƙulla mini. Ranar da na faɗa masa, na durƙusa a ƙofar tireda ina kuka, ya bar ni na gama. Sai ya ce, "To, su mutanen da kika ƙirƙira, me suka ce game da rediyon?" Na ce sun ce yana kawo zaman lafiya. "Dukansu?" Na ce kusan duka. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ai shi ya sa aka gane ki, Uwata. Je ki wanke fuskarki. Ki yi istigfari, ki koma." Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Na koma, sai korona ta zo a Maris ɗin 2020 aka kulle Kaduna, malaman jami'a kuma suka shiga yajin aikin da ya ci wata tara. Sabuwar mai duba aikina, wata Dakta mai zafi amma mai karanta kowane layi, ta kira ni a waya ta ce kada in zauna. Ta ce in ajiye maganar takardar tambayoyi, in sayi 'yar na'urar naɗar murya, in koyi yin shiru. Da aka sassauta kulle ta tura ni Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da ke Kaduna, in karanta tsofaffin jaridu, in ga yadda Bahaushe ke mayar wa kafar labarai martani tun kafin a san waya. A can na zauna da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam na editanta. Wasiƙun masu karatu suka fi ɗaukar hankalina: ƙorafi, gyara, tambaya, gardama. Ashe shirin kiran waya jikan wannan shafi ne. Rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya gaji wannan al'ada da katunan zaɓi-sonka, sannan dokar 1992 ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar kafa tashoshi, wayar hannu ta zo a 2001, kowa ya samu bakin magana. Abin da ya ba ni wahala shi ne samun tsofaffin shirye-shiryen kansu. A wata tasha da na je, ma'aikacin ya ce mini in wuri ya cika gogewa suke yi su ɗora sabo. Jaridar da ta shekara 80 tana nan ana buɗawa, shirin bara ya bi iska.

A 2021 na shiga gari da na'urata. Mutum 34 na yi hira da su, wasu sau biyu, wasu sau uku. Ko neman izini sai da na sake koyo. Takardar amincewa da jami'a ke so a sa wa hannu tana korar mutane, don a wajen talaka sa hannu na filaye ne da ofishin 'yan sanda. Dakta ta nema mini izinin karɓar amincewa da baki a farkon naɗi.

Abin da na ji bai yi kama da amsoshin mutanena na tabarma ba ko kaɗan. Matan aure sun fi kowa sauraro, rediyo na kunne tun daga shara har girkin dare, amma da wuya su kira. Wata ta ce katin da za ta ƙona tana jiran layi gara ta sayi magi. Wata ta ce in dangin miji suka ji muryarta a rediyo ta shiga uku. Masu kiran kuwa 'yan tsiraru ne, kowa ya haddace sunayensu da unguwanninsu, kuma masu sauraro sun san wanda ke magana don Allah da sojan baka da ɗan siyasa ke sa wa kati. Wani mai shayi a Tudun Wada ya ce mini shi in an gama labarai yake fara aiki, don sai ya fassara wa teburinsa abin da ba a faɗa ba. Da gwamnati ta katse layukan waya a wasu sassan jihar a ƙarshen Satumban shekarar saboda 'yan bindiga, wani mai gyaran rediyo ya nuna mini tsofaffin akwatuna jere a shagonsa da aka zaƙulo daga ƙarƙashin gado aka kawo gyara.

Hirar da ta fi tsaya mini a Kakuri na yi ta. Shekara 21 rabona da unguwar. Na hau Keke Napep na ƙetare gada, hannuna na rawa a cikin hijabi. Gidanmu ya zama shagon sayar da siminti. Amma maƙwabciyarmu tana nan, ta tsufa, idonta ya yi rauni. Da na faɗi ko 'yar wace ce ni, ta kama fuskata da hannu biyu tana shafawa, ta tambayi Inna, ta tambayi "mai rediyo". Hausarta ta fi tawa daɗi. Ita ma tashoshin Hausa take ji. Na tambaye ta ko shirye-shiryen zaman lafiya na kwantar mata da hankali. Ta ce, "'Yata, in na ji sun fara jera waƙoƙin zaman lafiya, ga liman ga fasto an kawo su da rana tsaka ba lokacinsu ba, to ranar jikokina ba sa zuwa kasuwa." Na kashe na'ura na yi shiru. Saƙon da aka shirya don ya kwantar da hankali, ita ƙararrawar gargaɗi take ji a cikinsa, kuma tana da hujja, don ta ga jiya. Na karanta Stuart Hall a aji, na san ya ce mai sauraro na iya fassara saƙo saɓanin nufin mai aikowa, har na ci jarrabawa a kai. Sai a ɗakin tsohuwar nan na fahimci abin da na haddace. A tsohuwar takardata da ta zaɓi "na yarda", don ba ta son ta ba ni kunya.

A hanyar dawowa na yanke shawarar Baba ne zai zama na 35. Dakta ta ce babu dokar da ta hana, in dai na bayyana dangantakarmu a rubuce. Wato dokar da na faɗa masa ma ni na ƙirƙire ta. Na ce masa zan zo ranar Asabar da na'ura, ya ce zai sa babbar riga tunda za a ɗauke shi. Asabar ɗin aka yi suna a dangin mijina, na ɗaga zuwa ta gaba. Ranar Laraba da asuba ya faɗi a wajen alwala. Shanyewar ɓarin jiki, ta tafi da hannun dama da harshe. Mako bakwai ya yi yana kallonmu, in an kunna masa rediyo ya lumshe ido, wani lokaci ya ɗaga yatsan hagu yana kaɗawa, alamar ba haka aka yi ba. Ya rasu a watan Disamban 2021. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ba ni da muryarsa ko ta minti ɗaya. Ina da muryar mai shayi ta awa biyu.

Bayan sadakar bakwai Inna ta jawo wata tsohuwar jakar Makka daga bayan gado ta ce, "Ga shirginsa, ke ce mai boko." Littattafan makaranta ne guda 41, masu shafi 40 da masu 60, har da waɗanda ya fito da su daga Kakuri a leda. Ba lissafin albashi ba ne. Kowane shafi ya ja masa layi da biro. Kwanan wata a gefe, sannan London, Jamus, Amurka, Kaduna, daga baya ya ƙara Faransa da wasu tashoshin FM. A ƙarƙashin kowace ya rubuta abin da ta faɗa a kan babban labarin ranar, wani wuri da boko, in yana sauri ya juya ajami. Inda adadin mamata ya saɓa ya ja layi biyu. Inda wata tasha ta yi shiru a kan abin da sauran suka faɗa, ya bar gurbin fari ya zana ɗan da'ira. Na farko 1984 ne, na ƙarshe daren Talatar da zai faɗi. Abin da muke kira nazarin ƙunshiyar labarai, muna biyan kuɗin makaranta a koya mana, mai firamare ya yi shekara 37 yana yi a kan buzu, ba wanda ya sa shi.

Na kai wa Dakta guda uku. Ta buɗe tana juyawa, ta cire tabarau ta goge ido, ta ce babi guda ne wannan. Sai yajin aikin 2022 ya zo, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas. Wannan karon bai dame ni ba, don a cikinsa na zauna na karanta littattafan ɗaya bayan ɗaya, wani malamin allo a layinmu na taimaka mini da ajamin. Wahalar da ta rage ita ce juya hirarrakin zuwa Turanci. "Allah ya kyauta" kaɗai sai da na rubuta mata shafi guda, don a bakin mutum biyar ma'ana biyar take. Har yau ina ganin rashin adalci ne a ce binciken da aka yi da Hausa, a kan masu jin Hausa, ba wanda zai iya karanta shi a cikin waɗanda suka ba ni lokacinsu. Na yi wa kaina alkawarin fassara shi, ban cika ba tukuna.

Na kare kundin a 2023, shekara bakwai da farawa. A shafin farko na babi na uku na rubuta cewa an taɓa soke aikin farko, da dalilin sokewar. Wasu sun ce in cire, ba a tona wa kai asiri a kundi. Dakta ta ce in bari. Yanzu ina koyarwa na wucin gadi a wata kwaleji, ina kuma duba ayyukan ɗalibai. In sun kawo kwalin takardu nakan zaro daga tsakiya in duba bayanta. Na kama biyu. Ban kai su gaba ba, na rufe ƙofa na ba su wannan labari, na ce su kawo mini ko 60 ne, in dai sun shiga gida. Ɗaya ta dawo da 74, da manjansu. Ɗayan ya canza malami.

Rediyon tana wajena, robar murfin ta tsinke na sa wata. Littattafan kuma akwai abu ɗaya a cikinsu da ya gagare ni. A gefen wasu labarai Baba kan rubuta haruffa biyu, s.g., wani lokaci sau uku a wata, wani lokaci shekara ta wuce babu. Na ƙirga, sau 212 ya rubuta. Na jera labaran in ga abin da ya haɗa su, akwai na juyin mulki, akwai na farashin taki, akwai na ƙwallo. Inna ta ce "sai gobe" yake nufi, don haka yake cewa in zai kashe rediyo. Amininsa da suka yi masaƙa tare ya ce a'a, "sai an gani" ne, Malam ba ya yarda da magana sai ta tabbata. Ƙanena ya ce "shirmen gwamnati". A shafin ƙarshe ma akwai su, a gefen labarin daren Talata, da jan biro.